Lambun tsaye a gefen bango: yadda aikin ke tafiya

2 ga Maris

Wurin da nake da shi ɗan tsiri ne tsakanin bangon ɗaki da wata gajeriyar katanga. Faɗinsa mita ɗaya da 'yan kai, tsawonsa mita 3, kuma duk an shafe shi da siminti. Babu inda fartanya za ta shiga. Tunda ƙasa ba ta ba da hanya ba, sai a nemi sama.

Kafin in sayi ko da ƙusa ɗaya, sai da na lura da yadda rana ke bi ta wurin. Tana sauka a kan bangon wajen ƙarfe 7 na safe, ta janye kafin ƙarfe 1, wato awa 5 zuwa 6. Can ƙasa kuwa katanga na tare ta har wajen ƙarfe 9. Wannan shi ya yanke mini abin da zan shuka. Kayan ganye irin latas da alayyafo suna wadatuwa da awa 4 ko 5, amma masu 'ya'ya, su tumatir da tattasai da kokwamba, suna neman awa 6 zuwa 8. Jera shuka a tsaye wuri yake ƙara wa mutum, ba ya ƙara masa rana. Don haka ganye ne zai ja gaba, tumatir da tattasai kuwa gindi bibbiyu kawai zan gwada.

Abin da na tsayar shi ne dogon bututun roba mai ramuka a jiki, da buhu guda a tsaye, da jarkoki da zan yanka in jera a kan katako a jikin bango. Ina so in gani da idona wanne ya fi iya riƙon ruwa, domin nan ne na fi jin tsoro.

5 ga Maris

Aikin bututu. Faɗin bakinsa santimita 15, tsayinsa mita ɗaya da rabi. Na bar santimita 30 na ƙasa babu rami, domin nan zai zauna cikin bokiti da duwatsu kewaye da shi. Sauran na yi masa layi 6, kowane layi rami 3, a karkace yadda rami ba zai zo daidai kan na ƙasansa ba, kada ganyen sama ya yi wa na ƙasa inuwa. Tsaga nake yi da zarto, in ɗan gasa wurin har robar ta yi laushi, in tura wuyan kwalba in danna, sai bakin ya buɗe ya zama aljihu. A fili ake wannan aiki, inda iska ke kaɗawa, kuma ba a barin robar ta ƙone, domin hayaƙinta ba na shaƙa ba ne.

A tsakiya na sa siririn bututu na ban ruwa, na toshe gindinsa, na huhhuda shi da ƙananan ƙofofi, na naɗe shi da tsumma don kada saiwa ta shiga ta toshe su.

Na lissafa cikin babban bututun, lita 26 ne da ɗoriya. In aka raba wa ramuka 18, kowace shuka ba ta samu cikakkiyar lita ɗaya da rabi ba. Duk wanda ya ga hotunan da ke yawo a intanet, bututu ɗauke da tumatir jajir tun daga sama har ƙasa, to ya riƙe wannan lissafi a ransa. Gindin tumatir guda yana son abin da ya kai lita 20 shi kaɗai.

8 ga Maris

Haɗa ƙasa. Ƙasar gona zalla ba ta yi a irin wannan aiki: da ta sha ruwa sau da yawa sai ta danƙare, iska ta daina kai wa saiwa, ga nauyi. Na haɗa kashi 2 na ruɓaɓɓen taki, kashi 2 na zaren ɓawon kwakwa da aka jiƙa ya kumbura, kashi 1 na ɓuntun shinkafa da aka babbaka. Gwajina mai sauƙi ne: in na damƙi jiƙaƙƙiyar ƙasar ta dunƙule, in na taɓa ta da yatsa ta wargaje, to ta yi.

Buhun na yi shi ne irin yadda ake yi a unguwar Kibera da ke Nairobi, inda lambun buhu ya yaɗu sosai a tsakanin mutanen da ba su da ko taku ɗaya na fili. Ana ajiye gwangwani mai buɗaɗɗen kai da gindi a tsakiyar buhu, a cika shi da tsakuwa, a zuba ƙasa kewaye, a zaro shi sama, a sake cikawa, har a kai baki. Abin da ya rage a tsakiya ginshiƙin tsakuwa ne wanda ruwa ke bi ya rarrabu. Buhun ya ci ƙasa fiye da lita 100. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka in ya jiƙe ba mai ɗaga shi. Wanda lambunsa ke kan baranda a bene ya yi tunanin wannan nauyi tun kafin ya fara cikawa.

Jarkokin na huda su a gefe, santimita 2 daga gindi, don ɗan ruwa ya riƙa kwanciya a ƙasa. Ban zuba tsakuwa a gindinsu ba. Mutane da yawa na yin haka da niyyar ruwa ya wuce, alhali ruwa ba ya saurin tsallakawa daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa sai ta cika ta batse, sai jiƙaƙƙen wurin ya ƙara matsowa kusa da saiwa.

Kuɗi: fiye da rabin abin da na ware ya tafi kan taki da ɓawon kwakwa. Bututu da jarkoki da katako duk tsofaffi ne. Iri shi ne mafi araha a cikin kayan.

10 ga Maris

Na yafa iri a farantai daban-daban don reno: latas, alayyafo, tumatir, tattasai, ɗoɗɗoya. Latas ba a binne shi, dannawa kawai ake yi, yana son haske kafin ya tsiro. Na cika bututu da buhu na shayar da su, babu shuka tukuna.

14 ga Maris

Alayyafo da latas sun fito. Tumatir ya fara leƙowa. Tattasai shiru, dama shi ba ya sauri.

17 ga Maris

Asara ta farko. Da safe na tarar da fiye da rabin latas a kwance. Ganyen lafiya lau, kore shar, amma daidai inda kara ya haɗu da ƙasa ya tsuke, ya yi ruwa-ruwa, ya koma siriri har ya kasa ɗaukar kansa. Wannan ruɓewar gindi ce da wasu ƙwayoyin cuta na cikin ƙasa ke kawowa, kuma abin da suke so shi ne danshi marar yankewa, da cunkoso, da rashin iska. Farantin yana lungun da iska ba ta ratsawa, tsiron kuma ya fito a cushe. Wanda ya kwanta ba ya tashi, babu maganin da zai mayar da shi.

Na zubar da ƙasar farantin nesa da sauran, na wanke shi da sabulu na shanya a rana. Na sake yafawa da yamma cikin sabuwar ƙasa, tsakanin ƙwaya da ƙwaya da tazara, na barbaɗa yashi kaɗan a kai. Daga yanzu ta ƙasa zan riƙa shayar da reno: in tsoma farantin cikin ruwa har ya tsotsa, in cire. Yamma na zaɓa da gangan, domin irin latas yana ƙin tsirowa in zafin ƙasa ya kusa digiri 30.

22 ga Maris

Ƙasar cikin bututu ta zauna, ta sauka kusan tsawon tafin hannu. Na ciko. Da akwai dashe a ramukan, da ƙasar ta ja su ciki ta goga wuyansu a bakin roba. Jinkirin nan ya yi rana.

29 ga Maris

Dashen alayyafo da ɗoɗɗoya, da la'asar. Layi uku na sama na bututu da jikin buhu. Na'a-na'a reshe na samu na kafa a layin ƙasa.

2 ga Afrilu

Ban ruwa safe da yamma. Dashe ya kama, in ban da biyu.

7 ga Afrilu

Abin da nake tsoro ya zo, kuma ya cinye mini kwanakin nan. Da ƙarfe 11 ta yi, alayyafon layi biyu na sama sai ya yi yaushi ya sunkuya, alhali da safen na zuba ruwa. Na'a-na'ar ƙasa kuma ganyenta ya fara rawaya yana zuba. Na tura yatsa a ramin sama, ƙasa a bushe ƙamas. Na tura a na ƙasa, caɓi. Da na sunkuya kusa da bokitin sai wani wari ya buge ni. Ruwa ba ya tsami banza: ya taru ne a gindi babu mafita, iska ta ƙare a cikinsa, saiwa ta fara ruɓa.

Na zauna na bi hanyar ruwan. Ƙofofin siririn bututun girmansu ɗaya, tazararsu ɗaya tun daga sama har ƙasa. Amma ruwan da ke tsaye cikin bututu ya fi matsawa a gindi, saboda duk na sama a kansa yake. Ƙofofin ƙasa na feso shi da ƙarfi, kafin na sama su ɗiga wani abin kirki ruwan ya riga ya sauka ya bar su. Ga shi kuma sama ce ta fi shan rana da iska, sannan ɗan abin da ta samu ma gangarawa yake yi. Wato wurin da ya fi ƙishi shi ke samun kaɗan, wurin da ba ya buƙata shi ke samun ninki biyu.

Zare bututun yanzu zai tsinka saiwa, don haka na ɗura masa yashi ta baki har ya cike kashi ɗaya cikin uku na ƙasa, ƙofofin wurin suka toshe. Na huda bokitin a gefe, na sa tire a ƙarƙashi. Saman kuma da ya bushe har ruwa ke zamewa ta gefe ba ya ratsa shi, sai da na bi shi da kaɗan-kaɗan: in zuba kofi guda, in jira ya shige, in ƙara. Na kife kwalba mai hudajjen murfi a bakin bututun tana ɗiga a hankali.

Buhu bai yi wannan rigima ba ko kaɗan. Yawan ƙasarsa na riƙe danshi, jikinsa kuma na fitar da rarar ruwa ta ko'ina.

Abin da na fahimta shi ne bututu guda ba lambu guda ba ne. Samansa wuri ne mai rana da fari, gindinsa wuri ne mai inuwa da danshi, kuma kowanne da shukar da ta dace da shi.

11 ga Afrilu

Da wannan fahimtar na yi dashen latas: layi na huɗu da na biyar, inda rana ke zuwa a makare kuma ƙasa ba ta bushewa da wuri. Sama ta alayyafo ce da ɗoɗɗoya, su zafi ba ya razana su. Tumatir da tattasai sun shiga manyan jarkoki a katakon sama. Tumatir na binne karansa har kusa da ganyen farko, domin yana fitar da saiwa a duk inda ƙasa ta rufe.

15 ga Afrilu

Shukar da ke fuskantar bango ta yi tsawo, ta yi fari-fari, tana lanƙwasowa neman haske. Na ɗora bokitin a kan faffaɗan tayil mai santsi, ina juya shi kwata duk bayan kwana biyu. A ƙasar Singafo, gonar Sky Greens ta fara sayar da ganye a 2012 da hasumiyoyi masu kai mita 9, kuma kwamin shukar na zagayawa sama da ƙasa a hankali don kowanne ya samu rabonsa na rana. Matsalarsu da tawa ɗaya ce, su da injin da ruwa ke juyawa, ni da hannu.

20 ga Afrilu

Yankan alayyafo na farko. Na bar ganye huɗu-huɗu a kowane gindi don ya sake tohowa. Na ji daɗin wannan rana ƙwarai.

27 ga Afrilu

Iska mai ƙarfi da daddare, bututu ya faɗi. Tun da ganye ya cika, jikinsa ya zama abin da iska ke kamawa, duwatsun bokiti kuma ba su isa su riƙe abu mai tsayin mita ɗaya da rabi ba. Ya faɗa kan katanga, wanda hakan ya hana shi fashewa, amma duk alayyafon gefen da ya bugu ya karye, ƙasar layin sama ta zube, latas uku sun tumɓuke.

Ni da ƙanena muka tayar da shi. Latas ɗin na mayar nan take na shayar, biyu sun farfaɗo. Alayyafon da ya karye na datse shi a ƙasan karayar. Na kafa ƙugiya a bango, na zagaya wuyan bututun da waya mai kauri, sako-sako yadda zai juyu amma ba zai kife ba. Na bi katakon jarkoki na ƙara masa ƙusoshi, domin jarkar tumatir in ta jiƙe ta haura kilo 20, kuma a saman kai take. Duk mai yara a gida, wannan ɗauri shi ne aikin da zai fara yi tun ranar da ya tsayar da bututu.

Kuɗi: ƙugiya, waya, ƙusoshi. Kaɗan ne.

3 ga Mayu

Tsofaffin ganyen alayyafo da tumatir sun soma rawaya daga ƙasa, sababbin kuma ƙanana. In rawaya ta fara daga tsohon ganye, yawanci sinadarin naitirojin ne ya yi ƙaranci, domin shuka na janye shi daga tsoho ta kai wa sabo. Ba abin mamaki ba ne: ƙasa kaɗan, ban ruwa kullum, kowane ruwa da ya fita yana tafiya da abinci. Na fara narka takin zamani mai lamba 15-15-15, ƙaramin cokali ɗaya cikin lita 5, sau ɗaya a mako, kuma sai bayan na shayar da ruwa zalla, kada ya ƙona busasshiyar saiwa. Ruwan da ke taruwa a tire ba na zubarwa, buhu nake ba.

6 ga Mayu

Tsinkar latas, ganyen waje kawai. Juya bututu. Ɗaure tumatir a igiya.

12 ga Mayu

Kiyashi ne suka tona asirin. Na ga suna hawa da sauka a karan tattasai ba hutawa, na juya ganye, sai ga ƙananan kwari kore-kore sun yi cincirindo a bayansa, sabon toho ya nannaɗe, ganyen na danƙo. Masu tsotse ruwan shuka ne, kiyashin kuma zaƙin da suke fitarwa suke sha, har suna kare su daga abokan gaba. Matansu na haihuwa ba tare da namiji ba, 'ya'yan kuma cikin mako guda sun isa haihuwa, shi ya sa kwana kaɗan ke mayar da goma ɗari. A lambun tsaye abin ya fi sauri, ganye na gogar ganye, na sama na zubo wa na ƙasa.

Na fara da fesa musu ruwa mai ƙarfi, sannan ruwan sabulu marar turare, ƙaramin cokali a lita ɗaya, da yamma, a bayan ganye, domin sai ya taɓa jikinsu yake aiki. Na gwada a ganye ɗaya tukuna na kwana na ga bai ƙone ba. Ba na son maganin feshi mai ƙarfi a kan abin da nake tsinka duk bayan kwana biyu. Na ga jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi guda biyu a kan ɗoɗɗoya, na bar wannan gefen ban fesa ba, su ma cin kwarin suke yi.

16 ga Mayu

Maimaita ruwan sabulu. Sun ragu sosai. Tumatir ya yi fure, ina girgiza karan da safe don ya ɗaura.

23 ga Mayu

Zafi ya ƙaru, latas ya fara tsawo ta tsakiya zai yi fure. Ganyen ya yi tauri, farin ruwa na fita in an tsinka, ga ɗaci. Daga nan ba ya komowa. Na cire duka na bar ɗaya don iri, na maye gurbinsu da albasa mai lawashi.

Na'a-na'a kuma ta warke har ta wuce gona da iri. Saiwarta ta bi ta cikin bututu ta ɓullo a ramuka biyu da ba nata ba. Wurinta tukunya ce ita kaɗai.

30 ga Mayu

Farin gishiri-gishiri a bakin ramuka, ragowar taki ne da ruwa ya bushe ya bari. Na kankare, na yi ban ruwa mai yawa don ya wanke, wannan karon na zubar da na tire.

6 ga Yuni

Tumatir ɗin farko sun kai girman ƙwai, sai ga baƙin tabo a gindin huɗu daga ciki, ya lotsa, ya bushe. Ba tsutsa ba ce, ba kuma cuta mai yaɗuwa ba. Sinadarin kalsiyam ne bai kai ƙarshen ɗan ba, shi kuwa cikin ruwa yake tafiya a jikin shuka. In ƙasa ta bushe da rana ta jiƙe da yamma, tafiyar na yankewa, ko da kalsiyam ɗin na nan a ƙasa. An ba ni shawarar ɓawon ƙwai, amma kafin ya narke kakar ta wuce. Gyaran yana wajen ruwa.

Na taɓa jarkar da tsakar rana, zafi rau, bangon bayanta ma haka, ya sha rana yana mayarwa. Furanni da dama sun zube, wanda tumatir ke yi in zafi ya haura digiri 32 ya daɗe. Na tsinke masu tabon, na matso da jarkokin daga bango tsawon yatsa don iska ta ratsa, na naɗe su da farin buhu, na rufe fuskar ƙasa da busasshiyar ciyawa, na kife wa kowacce kwalba mai ɗiga.

A ra'ayina, a wuri irin nawa tumatir bai biyan wahalarsa. Ruwan da gindi biyu ke sha ya kusa na bututun gaba ɗaya, bututun kuwa ba a yin kwana uku ban tsinki wani abu a jikinsa ba.

13 ga Yuni

Sababbin 'ya'yan tumatir babu tabo. Tattasai ya ɗaura. Alayyafon buhu na kan yanka na huɗu, ya fara tsufa.

18 ga Yuni

Shirin zagaye na biyu. Zan zazzage bututu in raba ƙasar da saiwar na'a-na'a, in ƙara mata sabon taki kashi ɗaya cikin uku. Ramuka 18 sun yi yawa ga lita 26, zan toshe 6 in bar 12. Sabon bututun ban ruwa zai samu ƙofofi kusa-kusa a sama, suna nisanta yayin da ake sauka, kashi ɗaya cikin uku na ƙasa babu ko ɗaya. Buhu na biyu zai shiga kusurwar da ta rage, tunda shi ya fi kowa sauƙin sha'ani. Bayan tumatir ya gama, jarkokinsa wake mai hawa zan sa, in ja masa igiya zuwa saman bango, saiwa a ƙasa mai yalwa, ganye a sama. Abin da zan kashe wa kuɗi shi ne taki, da ƙaramin tanki da siririn tiyo mai ɗiga, saboda ranakun da ba na gida. Gobe zan yafa sabon alayyafo don ya kai dashe kafin in gama gyaran bututun.